In Wutar Lantarki Ta Rikice, Maigida Ba Ya Gida

Yau zancenmu a kan wutar lantarki ne. Kukan rashinta kowa ya iya, sabo da haka mu bar shi. Mu duba ranar da ta ke nan amma ta rikice, watau ranar da soket ya yi baƙi, ko ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba, ko yarinya ta taɓa firiji ya ja ta. To, wa ke gida a wannan sa'a? Ke ce. Maigida yana kasuwar Dawanau cikin buhunan riɗi da wake, ko yana gona, ko ya shiga Birni, ba zai komo ba sai bayan magariba. Wuta kuwa ba ta jiran magariba.

Ki dubi yadda aka yi wa yawancin gidajenmu wayarin, a cikin Dawaki ne, ko Kwa, ko Tumfafi, ko Ganduje, ko Jalli. Sa'ad da aka fara jawo wuta, ƙwan fitila uku ko huɗu ne da rediyo da fanka ɗaya. Daga baya aka yi amarya, aka gina mata ɗaki, aka ja waya daga ɗakin uwargida. Samari suka tasa, aka ja wata zuwa shagonsu na ƙofar gida. Uwargida ta ɗauki adashi ta sayi firiza don ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Ga dutsen guga, ga hita ta dafa ruwa da hunturu, wani gidan har da injin jan ruwa. Kaya suna ta ƙaruwa, amma wayar nan ta fari ita ce dai har yau. Jakin da aka saya don mangala ɗaya an ɗora masa uku. Ga ɓeraye cikin silin suna gaigayar robar waya, ga bakin kwanon rufi yana yankar wadda aka ratsa ta kansa, ga bangon ƙasa yana shan ruwa da damina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa ya daɗe da tsagewa.

Abu na fari da ya wajaba ki sani tun ba a kai ga kiran kowa ba, shi ne babban makunnin gidanku. A kusa da mita, galibi cikin zaure ko jikin bangon ɗakin maigida, akwai akwatin wuta. Nan ne wutar da ta shigo daga falwaya ta ke rarrabuwa zuwa ɗakuna. A sababbin gidaje za ki ga jerin ƙananan makunnai da masu gyara ke kira bireka, da babba guda ɗaya a gefe. A tsofaffin gidaje kuwa akwatin ƙarfe ne mai hannu a gefe, da fis na tangaran. Ko wanne iri ne naku, ki roƙi maigida yau ɗin nan ya nuna miki wanda in an sauke shi duk gidan zai mutu. Ya nuna wa abokiyar zamanki, da babbar 'yarki. In an jibga buhunan hatsi ko keke ko itace a gabansa, a kawas. In ya yi bisa da yawa, a ajiye turmi ko kujera busasshiya kusa. Sau da yawa gida yana ƙonewa, mata suna ta salati suna neman hanyar kashe wuta, alhali makunnin yana bayan buhun gero.

Ba kowace matsala ce ta gaggawa ba. Ƙwan fitila ya mutu, ko fanka ta daina juyawa, ko soket ɗaya ya ƙi kawowa ba tare da ƙauri ba, duk waɗannan sa jira maigida. Amma in kin ji ƙaurin roba ba ki ga abin da ke ƙonewa ba, ko kin taɓa soket ko makunni kin ji zafi, ko akwatin wuta yana ƙara kamar ƙudan zuma, ko kin ga tartsatsi, ko ƙofar ƙarfe ko famfo ko jiƙaƙƙen bango yana jan mutane, to, babu jira. Ki shanya hannunki ya bushe, ki sa takalmin roba, ki sauke babban makunni, sa'an nan ki nemi waya. Kada ki fara neman waya tukuna. Da zarar kin kashe, rabin gaggawar ya wuce, kin kuma sami sararin da za ki zaɓi wanda zai zo da hankalinki kwance. Ƙanƙarar da ke cikin firiza, in ba a yi ta buɗe shi ba, ta kai wuni ba ta narke duka ba. In ma ta narke, jarin rana ɗaya ne.

Akwai wata alama da ta ke ruɗin mutane. Sai ki ga ƙwan wani ɗaki ya yi haske fau har yana neman fashewa, na wani ɗakin kuwa ya yi ja kamar garwashi, fanka tana gudu kamar za ta tsinke. Sau da yawa wannan yana nufin baƙar waya, wadda a ke kira nutiral, ta tsinke ko ta saki a wani wuri. Ita ce ke ƙone talabijin da firiji na unguwa guda cikin minti kaɗan. Ki kashe babban makunni nan da nan, ki aiki yaro ya tambayi maƙwabta. In su ma haka ne, laifin yana waje, ba a gidanku ba.

Tambayar maƙwabtan nan tana da amfani ƙwarai, domin ita za ta nuna miki wanda za ki kira. Har yanzu muna cewa "wutar Nepa", amma NEPA, wadda aka kafa a 1972, an sāke mata suna zuwa PHCN tun 2005, kuma tun watan Nuwamba na 2013 kamfanin KEDCO ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Taransifoma, da falwaya, da wayoyin da ke bisa titi, da ita kanta mita, duk sha'anin kamfani ne. Abin da ke bayan mita zuwa cikin ɗakuna, shi ne naku, shi ne kuma aikin mai gyaran da za ku biya. Sabo da haka in waya ta tsinko daga falwaya ta faɗo ƙofar gida, kada ki kira yaron unguwa ya hau. A tsai da babban mutum nesa da ita ya hana yara da awaki kusanta, a gaya wa mai unguwa, a kira ofishin kamfani. Wayar da ke kwance shiru a ƙasa tana iya zama da wuta, in ma babu yanzu, ana iya kawowa ko yaushe. Haka kuma duk mai gyaran da ya ce zai buɗe muku mita, ko ya zagaye ta don ku huta da sayen kati, laifi zai jawo muku. Dokar lantarki ta 2023 ta hana, kuma in an kama, maigida za a tuhuma, shi mai gyaran ya daɗe da tafiya.

Yanzu mu zo ga mai gyaran. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Matar da ta bari sai ɗaki ya turnuƙe sa'an nan ta ce wa yaro, "Ruga ka kira mai wuta," duk wanda yaron ya fara gani da filaya a aljihu shi zai kawo. A zamanin nan kuwa kowa ya riƙe filaya Injiniya a ke ce masa. Abin da ya fi, ku zauna da maigida ranar da babu abin da ya lalace, ku tsai da mutum ɗaya, da na biyu in na farin ya yi tafiya. Ya zo ya zagaya gidan da rana tsaka maigida yana nan, ya ga inda kowace waya ta bi. A rubuta lambar wayarsa a takarda a manna kusa da akwatin wuta, kada a bar ta cikin wayar maigida kaɗai, gama wayar maigida tana aljihunsa a Dawanau.

A wannan zaman ne kuma za ku gama maganar shiga gida. Yawancinmu gidajenmu ba a shiga, kuma mace mai mutunci ba ta son a ce ta shigo da baƙon namiji mijinta ba ya nan. Wannan daidai ne. Amma kada kunya ta sa ki zauna da ƙaurin waya har dare. Maigida ya ba da izini tun yanzu, ya kuma faɗi wanda zai yi wa mai gyaran rakiya, ƙanensa ne, ko baban yara na gidan gaba, ko babban ɗanku. In ya zo ya yi sallama, mata su shiga ɗaki ɗaya, ke kuwa ki sa mayafinki ki tsaya daga bakin ƙofa ki yi masa bayani da bakinki. Ke kika ji ƙaurin, ke kika san abin da aka jona sa'ad da abin ya faru. In kin bar yaro ɗan shekara goma ya kai saƙon, rabinsa zai zube a zaure.

Ƙaƙa za a gane na kirki? Akwai takardu. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke jarraba masu aikin wayarin ta ba su shaidar ƙwarewa. Akwai kuma takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, da ta waɗanda suka fito kwalejojin koyon sana'a irin na Ungogo da Wudil da Bagauda. Wanda ke da ɗaya daga cikinsu ba zai ji haushi don maigida ya ce ya nuna ba. In sabon wayarin za a yi wa gida duka, ko za a sāke akwatin wuta, ni a ganina kada a ba kowa sai mai takarda. Amma gaskiya ita ce masu gyara da yawa a ƙauyukanmu wajen ubangida suka koya, ba su da takarda ko ɗaya, a cikinsu kuwa akwai gwanaye. Irin waɗannan sai a tambaya wa ya koya musu, shekara nawa suka yi a hannunsa, gidan wa suka yi wa aiki. A je a tambayi masu gidan. Mutumin da ke da shago ko gida sananne a gari ya fi wanda ba a san inda za a same shi gobe ba.

Sauran kuwa idonki zai gaya miki, ko daga bakin ƙofa. Na kirki yana fara tambaya kafin ya buɗe jaka. Yana kashe wuta da kansa, sa'an nan ya gwada da tasta ko da na'urar awo ya tabbata ta mutu, ko da an ce masa Nepa sun ɗauke. Ba ya gwada waya da bayan yatsa don a ce shi jarumi ne. Ba ya murɗe waya biyu ya naɗe da ledar burodi ya tura cikin silin. In ya tarar da soket ya ƙone, ba ya tsayawa ga sāke soket kaɗai, sai ya nemi abin da ya ƙone shi.

Ga babban abin da na ke so ki riƙe. Fis da bireka masu gadi ne. An yi su ne musamman don su yanke wuta in kayan da aka ɗora sun fi ƙarfin waya, ko in waya biyu sun haɗu. Siririyar wayar da ke cikin fis ita ke ƙonewa domin ta cikin silin ta tsira. To, sai ki ga bireka tana ta faɗuwa, an tayar ta sāke faɗuwa, mutanen gida sun gaji. Mai gyaran banza ya zo ya ce, "Hajiya, wannan ta yi ƙanƙanta, bari in sa muku babba," ko ya cire wayar fis ya ɗaura mai kauri, wani har ƙusa ya ke sawa. Wuta ta tsaya cak, kowa ya yi murna, a ce wannan ya san aiki. Ashe mai gadi ya ɗaure ya tafi. Daga ran nan in kaya sun yi yawa babu abin da zai yanke, sai wayar cikin silin ta yi ta zafi har robarta ta narke, ta kama katako ko azara, galibi kuwa da tsakar dare ne, sa'ad da aka maido wuta kowa yana barci. In kin ji ya ambaci haka, ki ce, "Malam, a dakata sai maigida ya zo. A bar ta a kashe." Ba rashin kunya ba ne. Ba a ƙara girman bireka sai an ƙara kaurin wayar da ke bayanta.

Ku 'yan makaranta, ga lissafin da za ku taimaki iyayenku da shi. Ƙarfin wutar gidajen Nijeriya wajen bolt 230 ne. A jikin kowane kayan wuta an rubuta yawan wat ɗin da ya ke ci. In kun raba wat da 230, za ku sami amfiya, watau nauyin da ya ke ɗora wa waya. Hita mai wat 1,500 tana jan amfiya 6 da rabi. Dutsen guga mai wat 1,000, amfiya 4 da 'yan kai. Risho na lantarki mai wat 1,500, wata 6 da rabi. In an jona su uku wuri ɗaya, sun haura amfiya 17. Soket ɗin gida mai ƙafa uku kuwa amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, wayar nan mai bakuna da yawa da a ke saye da araha ba ta ma kai haka ba. Kun ga dalilin da ya sa ta ke narkewa. Hita kuwa, don Allah, in an ɗauke wuta tana cikin bokiti, a zare ta nan take. Gobarar hunturu da yawa daga nan ta ke tashi.

Sai maganar kaya da kuɗi. Kafin ya taɓa kome, ya faɗi ladan hannunsa dabam, kuɗin kaya dabam, ki kira maigida a waya ya ji da kunnensa. Wanda aka taso da dare ko cikin ruwan sama ya cancanci a ƙara masa, wannan adalci ne, amma a yanke tun da fari. Da dare ma abin da a ke bukata kaɗan ne: ya raba layin da ya lalace da sauran, ya tabbata babu haɗari, babban aiki a bari sai gari ya waye an gani da ido. Wajen sayen waya, araha ba ta ado. Akwai wadda a ke sayarwa, waje kamar jan ƙarfe, in an kankare sai a ga farin gwangwani a ciki, wata kuma robar ce mai kauri, ƙarfen ɗan siriri. In da hali maigida ya bi shi shago, ko a Sabon Gari ne, ya karɓi rasit. Abin da aka saba shi ne waya mai lamba 1.5 don fitilu da fanka, mai 2.5 don soket, abin da ke cin wuta da yawa kuwa a ja masa layinsa dabam da mai 4 ko 6. Duk abin da ya cire ya ce ya ƙone, ya bar muku shi ku gani.

Tun da ya zo, ki sa a tambaye shi ko gidan yana da wayar ƙasa, wadda su ke kira at. Sandar ƙarfe ce a ke kafawa cikin ƙasa a ɗaura mata waya koriya ko mai kore da rawaya, don in wuta ta zubo jikin firiji ko injin ruwa ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. Gidaje da yawa babu ita sam, wasu kuwa an kafa amma tsatsa ta cinye. Akwai kuma wata irin bireka da a ke kira ELCB ko RCD, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji miliamfiya 30 ta ɓace ta wata hanya. Tana da ɗan maɓalli na gwaji a jikinta. Gidan da ke da yara masu rarrafe da tsakar gida mai jiƙewa ya fi kowa bukatarta.

A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta sun yi fiye da mako guda cikin duhu, kuma gidaje da yawa yanzu suna da janareta ko sola. Duk gidan da ke da wuta iri biyu tilas ya sami makunnin canji, wanda in ya buɗe wa ɗaya sai ya rufe ɗayar. Masu soka wayar janareta cikin soket kai tsaye suna tura wuta baya zuwa falwaya, tana iya kashe ma'aikacin da ya hau yana tsammani babu wuta. Ki kuma tuna, gida mai sola da batir, ko an ɗauke ta Nepa, wayoyinsa suna da rai. Ki gaya wa mai gyara tun daga zaure. Haka nan al'adar nan ta canza layi, a zare katawut daga wannan rami a soka a wancan don neman layin da ke da wuta, ba aikin yara ba ne, ba kuma na mai jiƙaƙƙen hannu daga wanke-wanke ba.

In Allah ya ƙaddara wuta ta kama mutum, kada ki rungume shi, ko ɗanki ne, gama za ta haɗa da ke. Ki kashe makunni. In ya yi nisa, ki tsaya a busasshen wuri ki ture shi ko ki ture wayar da busasshiyar taɓarya ko muciya. Kada a ɗura masa madara ko ruwa in bai dawo hayyacinsa ba, sai ya shaƙe. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a yi ta danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani kuma ya nemo mota. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi Babban Asibitin Dawakin Tofa ko wanda ya fi kusa, domin wuta tana taɓa zuciya, tana kuma ƙuna a ciki inda ido ba ya gani. In gobara ce ta tashi daga waya, kada a watsa ruwa sai an tabbata an kashe wuta. A zuba yashi ko ƙasa, a fitar da yara tukuna kafin kaya, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

Sa'ad da ya ce ya gama, kada a sallame shi a zaure. A kunna duk abin da aka saba kunnawa, firiza da fanka da dutsen guga, a bari kamar minti 15, sa'an nan ya taɓa soket da murfin akwatin a gaban mai rakiyarsa a ji ko da zafi. Ya faɗi abin da ya tarar, da abin da ya rage wanda bai yi ba, 'yar makarantar gidan ta rubuta a littafi da kwanan wata da abin da aka biya. Kafin ya rufe akwatin kuma, ya riƙa sauke bireka ɗaya ɗaya, ita tana duba ɗakin da ya mutu, tana rubutawa a 'yar takarda tana mannawa a ƙarƙashin kowace: zaure, ɗakin Baba, ɗakin Inna, ɗakin amarya, firiza.